Jawabin da Alhaji Mamman Ya Karanta da Ka

Akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba a wannan aiki namu, ita nake so in ba ku labarinta, musamman ku da kuka zo mana kwanan nan. Laraba ce, ana tsakiyar damina, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe. Muna zaune a ɗakin taron wata ƙungiyar 'yan kasuwar yadi a unguwar New Bell, nan Douala, a saman wani shago. Akwai shugaban ƙungiyar, Alhaji Mamman, da sakatarensa, Malam Isuhu, da wasu dattawan kwamiti. Daga ɓangarenmu kuwa Bashir ne, mai wannan ofis da kuke ciki, sai ni. Mun je ne mu nuna musu shafin intanet ɗin da muka gina wa ƙungiyar.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da ya kai ni wurin. Ni ba 'yar kwamfuta ba ce tun asali. Kusan shekara ashirin na yi ina karanta labarai da sanarwa a sashen Hausa na wani gidan rediyo a nan Douala. Da aka rufe sashen, na sami kaina a gida, na haura arba'in da biyar, ga yara a makaranta. Bashir ɗan unguwarmu ne, a gabana ya girma, ya yi karatunsa na Faransanci ya buɗe wannan ofis. Shi ya ɗauke ni gwaji na wata uku, kuma bai yi mini rufa-rufa ba.

Tantin yake kirana, wato goggo da Faransanci. Ya ce, “Tantin, gaskiya zan faɗa miki. Ofis ɗin nan ba zai iya riƙe ƙarin mutum ba sai in aikin ƙungiyar nan ya zauna. In sun karɓa, kula da shafin kowane mako aikinki ne. In ba su karɓa ba...”

Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba.

A watanni biyun farko na koyi abubuwan da ku ma kuke koyo yanzu. Na koyi HTML, wato rubutun da ke gaya wa kwamfuta cewa wannan kanun magana ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne. Na koyi CSS, wanda ke faɗin kamannin kowane abu, launinsa da girmansa da inda zai zauna. Ban sha wahalar gane bambancinsu ba, domin a rediyo ma rubutaccen labari daban ne, yadda za a karanta shi kuma daban. Wahalata a hannu take. Abin da Bashir zai yi kafin shayinsa ya huce, ni sai in wuni a kansa.

Abin da ƙungiyar ke so ba mai yawa ba ne. Suna son wuri guda da za a riƙa sa sanarwa: rasuwa, suna, walima, ranar taro, ranar da za a rufe shaguna. Suna kuma son jerin shagunan 'yan ƙungiya a kasuwar Marché Congo. Amma Malam Isuhu yana da tasa ƙa'idar. A wurin mutanenmu ba a sakin sanarwa haka nan fayau, sai an yi mata ado kamar katin gayyata. Shi kuwa gwani ne. Yakan haɗa kati a wayarsa, haruffa ruwan zinare a kan farin ƙasa mai zanen shadda, da furanni a kusurwa, ya tura a guruf ɗin ƙungiya. Ya ce haka yake so sanarwa ta fito a shafin, kada a taɓa masa ko fure ɗaya. Saboda haka kowace sanarwa muka sa ta a matsayin hoto, har da jawabin maraba na shugaba da ke saman shafin.

Akwai kuma wani layi guda a cikin tsarin da Bashir ya ba ni in ɗora aikina a kai. Na tambaye shi amfaninsa, ya ce yana hana mai waya ƙara girman shafi da yatsu, don kada ado ya wargaje. Na bar shi yadda na gan shi. A babban allon kwamfutar ofis, shafin ya yi kyau ƙwarai. Na kalle shi ya fi a ƙirga.

Abu na ƙarshe da ya kamata ku sani shi ne al'adar ƙungiyar. A babban taronsu na wata-wata, sakatare ne ke rubuta sanarwa, amma shugaba ne ke karanta ta, a tsaye, da bakinsa. Ba a wakilta wani. An shirya cewa a taron Lahadi mai zuwa za a buɗe shafin, Alhaji Mamman ya karanta sanarwar watan daga wayarsa a gaban jama'a.

To, mu koma ranar Laraba. Malam Isuhu ya tura wa kowa adireshin shafin a waya. Dattawa suka duƙufa, ana ta masha Allah. Wani ya ɗaga kai ya ce shagonsa ya fito, amma hoton ya sa shi ya yi kama da rumfar mai goro, aka yi dariya. Ni ina zaune a gefe, bayan kujerar Alhaji ta hagu.

Malam Isuhu ya ce, “Ranka ya daɗe, ga jawabinka nan a sama. A karanta mana don albarka.”

Alhaji Mamman ya sauke wayar kan cinyarsa, hannun babbar rigarsa ya ɗan rufe ta. Daga inda nake ina ganin yatsunsa. Ya ɗora biyu a kan gilashin ya buɗa su. Babu abin da ya motsa. Ya sake buɗawa, a hankali. Shafin yana nan yadda yake. Sai ya yi gyaran murya, ya ɗaga wayar daidai ƙirjinsa, ya fara.

Ya karanta jawabin tas, babu gargada, da murya mai nauyi. Dattawa suna ta gyaɗa kai. Ni kuwa tun a layi na biyu na gane ba karantawa yake yi ba. Wanda ya daɗe a ɗakin karanta labarai ya san numfashin mai karatu. Mai karatu idonsa ne ke jan bakinsa, yakan ɗan tsaya inda layi ya ƙare ko da magana ba ta ƙare ba. Mai faɗa da ka kuwa yana tsayawa ne inda ma'ana ta tsaya. Alhaji bai tsaya a ƙarshen layi ko sau ɗaya ba. Sannan ya kawo wata doguwar addu'a ga magabatan da suka kafa ƙungiyar. Addu'ar tana cikin jawabin da ya shifta wa Malam Isuhu tun farko, amma mun cire ta saboda ba ta shiga katin ba. Babu ita a wayar da ke hannunsa. Ba wanda ya lura, don ba wanda ke bin rubutun, kowa shi yake kallo.

Da ya gama ya fita daga shafin, na hango jerin sunayen da ke wayarsa. Sunaye uku ne kawai suka cika gilashin daga sama har ƙasa, saboda girman haruffan.

Ya mayar da wayar aljihu ya ce, “Madalla. Allah ya yi albarka. Za mu yi shawara.”

Muna saukowa daga bene Bashir ya buga tafi ya ce, “C'est bon, Tantin! Kin ji? Madalla ya ce.”

Na ce, “Ka ji ya sa rana?”

“Wace rana?”

“Ranar shawarar. Bashir, Faransanci ya cinye maka kunne. Dattijo ya ce za mu yi shawara bai sa rana ba, sai ka ɗauki takalminka.”

Ya ce na cika tsoro. Washegari da hantsi Malam Isuhu ya kira shi. Ina jin muryarsa daga teburina. Alhaji ya ce a dakata tukuna, guruf ɗin waya ya wadatar, kada a ɗora wa mutane abin da ba su saba da shi ba. Bashir ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon bango. Saura mako biyu da 'yan kwanaki gwajina ya ƙare.

Na rufe ƙofar ofis na gaya masa abin da na gani da abin da na ji. Ya dafe kai.

Ya ce, “Ah, non. To ai da sauƙi. Sai in kira Malam Isuhu in ce za mu ƙara wa Alhaji girman rubutu.”

Na ce, “Ka kira Malam Isuhu, kafin la'asar duk layin 'yan atamfa sun ji. Ba mugu ba ne, bakinsa ne ba ya da marfi.”

“To in gaya wa Alhajin da kansa.”

“Ka ce masa me? Mun lura ba ka gani? Mutumin da ya gwammace ya haddace jawabi da a ce ya sa tabarau a gaban 'yan kwamiti? Ranar da ka furta haka, ko shafin zinare ka gina ba zai karɓa ba.”

Bashir bai musa ba. Shi ma ya san haka ne. A cikin 'yan kasuwar nan, idon shugaba ba nasa ba ne shi kaɗai. Shi ake kai wa yadi in an yi jayayya a kan inganci, shi ke duba takarda in an yi sulhu. In aka fara cewa idonsa ya yi rauni, magana ta gaba ita ce ya kamata ya huta. Ba shafinmu Alhaji ya ƙi ba. Tsayuwar ranar Lahadi yake gudu, da sabuwar sanarwa a hannunsa wadda bai samu ya haddace ba.

Na ce a ba ni zuwa Asabar. Ba za mu yi wa Alhaji shafi na musamman ba. Za mu sake shafin ne gaba ɗaya yadda kowa zai iya karantawa, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Matsalar ita ce ban san yadda ake yi ba.

Bashir ya jawo kujera. Ya ce, “Akwai ƙa'idoji. Mun karanta su a makaranta. Babu mai ba da aikin da ya taɓa tambayata su, shi ya sa nake tsallakewa. Zauna.”

Abu na farko, muka goge layin nan mai hana ƙara girma. Na biyu, muka fitar da kalmomi daga cikin hotuna muka rubuta su a matsayin rubutu na gaske. Ya bayyana mini dalili: rubutun da ke cikin hoto, waya ba ta san rubutu ba ne. Ko mai ita ya zaɓi manyan haruffa, hoton ba zai bi umarninsa ba. Na uku shi ne awo. Da can na ƙayyade komai, faɗin shafi kaza, girman harafi kaza, daidai da allon ofis. Yanzu sai na koyi cewa harafi ya bi girman da mai waya ya zaɓa, faɗi kuma ya zama kaso na kowane allo da shafin ya sami kansa a ciki. In allo ya yi faɗi, abubuwa su jeru gefe da gefe. In ya matse, su hau kan juna ɗaya bayan ɗaya.

Faɗarsa ke da sauƙi. Da na gama zagayen farko, Bashir ya ce in ɗauki wayata in kai haruffanta matuƙar girma, sannan in buɗe shafin. Na buɗe. Kanun magana ya hau kan jerin zaɓi, sunan ƙungiya ya karye gida uku, madannin da aka rubuta “Sanarwa” a kai ya fice ta gefen dama ya ɓace. Na zauna ina kallonsa. Wannan fa shi ne wanda na gyara.

Bashir ya ce, “Voilà. Yanzu kika fara aiki. Ki bi su ɗaya-ɗaya.”

Haka na bi su. In gyara wannan, wancan ya goce. Ranar Juma'a da safe aka ɗauke wuta, ruwan sama kuma ya cika layinmu har bakin ƙofa. Na ci gaba a ƙaramar kwamfuta, ido ɗaya a kan aiki, ɗaya a kan batir. Ina yi ina lissafin abin da zan ce wa yara in wata ya ƙare na dawo gida. Kafin wutar ta dawo na manta sau nawa na goge abu na sake rubutawa.

Bashir ya kuma sa ni wani gwaji da ban taɓa sanin akwai shi ba. A cikin kowace waya akwai muryar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo. Ya kunna ta, ya buɗe tsohon shafin, ya ce in rufe ido. Muryar ta ce da Faransanci, hoto, hoto, hoto. Shi ke nan abin da makaho zai samu daga aikin wata biyu. Sai na koyi rubuta wa kowane hoto gajeren bayani a ɓoye, wanda muryar za ta faɗa, na kuma jera kanun magana bisa tsari, babba kafin ƙarami, don wanda ba ya gani ya san inda yake. Da muryar ta kama karanta Hausa da harshen Faransanci, Bashir ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ta fi shi iyawa. Ni dariyar ba ta zo mini ba.

Bayan an sauko daga Juma'a ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe. Malam Isuhu ya biyo ta ofis, don Bashir ya ce masa muna da abin nuna masa. Ya kalli sabon shafin, baƙin rubutu a kan farin ƙasa, manyan madannai da babban yatsa zai iya dannawa ba kuskure, ya ja da baya.

Ya ce, “Malama, mene ne wannan? Ai takardar asibiti ce. Ina zinaren? Ina furannin? Kin tuɓe wa sanarwa riga kin bar ta a titi!”

Na ce, “Malam, taimaka ka biyo ni waje.”

Muka tsaya a bakin ƙofa cikin rana. Na buɗe masa tsohon a wayata na ce ya karanta mini layin farko. Ya karkata wayar. Ya cire hularsa ya yi mata inuwa. Ya matse ido. Daga ƙarshe ya ja baya zuwa ƙarƙashin rumfa.

Ya ce, “To, ai rana ce.”

“Mutanenku a ina suke wuni?”

Ya mayar da hularsa. Na buɗe masa sabon, ya karanta a tsaye a inda yake. Sai ya dube ni ta gefen ido.

“Wa ya kawo ƙorafi?”

Na ce, “Ni ce.”

“Ke kaɗai?”

“Ni kaɗai.”

Muka daidaita a kan cewa katinsa zai zauna a ƙasan kowace sanarwa, wanda yake so ya buɗe ya more ado, amma maganar kanta tana sama a rubuce. Ya ce an mayar da shi gefe kamar baƙon da ba a gayyata ba, amma ya yarda. Ya ba ni sanarwar da ya shirya domin Lahadi, ciki har da ta walimar wani ɗan ƙungiya, na sa su a shafin. Da na roƙe shi ya raka ni wurin Alhaji, sai ya ɗaga hannu biyu.

“A'a. Ni ya riga ya ce mini a dakata. Ba na maimaita wa Alhaji magana. Ki je da ƙafarki, ke ce 'yar rediyo.”

Ranar Asabar da hantsi na hau babur zuwa Marché Congo. Hanya duk taɓo, mai babur yana ta faɗa da masu tura kaya. Ban ji ko ɗaya ba, ina ta jera maganar da zan yi, ina rushewa. Na tarar da Alhaji a cikin shagonsa, yana murza bakin wata shadda tsakanin yatsu yana gaya wa wani mai saye cewa wannan ba ta kai wadda ya saya bara ba. Na durƙusa na gaishe shi. Na jira har mai sayen ya tafi.

Ya ce, “'Yar rediyo. Ya yara? Ya ruwan jiya, bai shiga muku ba?”

“Da sauƙi, Baba.”

“Madalla. Ai na ce wa Isuhu za mu yi shawara.”

Duk abin da na jera a hanya ya gudu. Na buɗe jakata na ciro tabarau ɗina na karatu na sa. Ko Bashir bai taɓa ganina da shi ba. A ofis nakan ƙara girman rubutu a ɓoye, in kuma abu ya gagara in shiga da takarda bayan gida.

Na ce, “Baba, ba amsa na zo nema ba. Na zo in gaya maka wancan aikin bai yi ba. Ni da na yi shi da hannuna, na fita da shi rana na kasa karantawa, ko da wannan a fuskata. Malam Isuhu ma sai da ya cire hula.”

Ya dube ni, ya ɗan karkata kai. “Ke ma har kin kai?”

“Na kai tun bara waccan. A jaka nake ɓoye shi, kada yaran ofis su ce an ɗauko musu kaka.”

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Na ce mun sake shi duka, adireshin bai canza ba, shi ne dai wanda Malam Isuhu ya turo ranar Laraba. Sannan na miƙe na juya masa baya, na kama duba atamfofin da ke jere a bango kamar mai niyyar saye.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na ji motsin riga, na ji ya ciro wayar. Daga nan shiru. A waje wani yana rantsuwa da Faransanci cewa farashinsa na ƙarshe ke nan, wata mai abinci tana kiran wanda ya tafi da kwanonta. Na kama wata atamfa shuɗiya na ƙura mata ido, har yau ba zan iya gaya muku zanenta ba. Ban taɓa gwada shafin a irin wayarsa ba. Ina ta tunanin ko wani madanni ya sake ficewa, ko kanun ya sake hawa kan wani abu, ko kuwa ma ya mayar da wayar aljihu yana jira in gaji in tafi.

Sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kansa.

“Sanarwa. Ana gayyatar... dukkan 'yan... ƙungiya zuwa... walimar...”

Kalma biyu, ya tsaya. Kalma uku, ya tsaya. Yana yanke magana a inda ba a yankewa, yana jira layi na gaba ya hau. A ɗakin labarai da an ce a sake ɗauka. Ni kuwa ban taɓa jin karatun da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Na riƙe atamfar da hannu biyu.

Can sai ya ɗaga murya, kamar Malam Isuhu yana gabansa. “Kai! Isuhu! Wa ya ce a gidan Alhaji Garba za a yi? Ai an mayar da ita harabar Islamiyya tun shekaranjiya, layin gidansa ruwa ya cinye. Haka zai sa in tsaya gobe in tura mutane cikin kwata?”

Na juyo. “A gyara, Baba?”

“Ana iyawa?”

“Yanzu ma.”

Na zauna a kan wani ɗaurin yadi na shiga shafin ta wayata. Sai da na rubuta kalmar haraba sau biyu. Na ce ya ja shafin ƙasa da yatsa ya saki. Ya yi. Ya sake bin layukan a hankali, leɓɓansa suna motsi, har ya iso wurin.

“Harabar Islamiyya. Haka nan take ya canza?”

“Nan take.”

“A wayar kowa?”

“A wayar kowa, Baba.”

Ya ɗora yatsu biyu a kan gilashin ya buɗa, rubutun ya ƙara girma, ya matse, ya koma. Wannan karon bai rufe da hannun riga ba. Ya ajiye wayar a kan tebur.

Ya ce, “Wancan na farko ado ne ya yi masa yawa. Isuhu da son zinare kamar mai aurar da 'ya.”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

“Ki ce wa yaron nan Bashir ya zo gobe bayan la'asar. Ke ma ki zo. Kuma ki daina ɓoye abin nan a jaka, zai karye.”

Abin da nake so ku ɗauka daga wannan labari bai da yawa. A wannan sana'a, wanda shafinku ya rufe wa ƙofa ba zai zo ya gaya muku ba. Matashi zai yi tsaki ya fita. Dattijo zai sa muku albarka, ya ce za a yi shawara. Ku kuwa za ku koma ofis kuna neman laifin a launi ko a farashi. Mutanenmu sun fi son su rasa abu da su bayyana rauninsu a gaban na ƙasa da su, kuma ba aikinmu ba ne mu tilasta musu. Shi ya sa a ofis ɗin nan ba a cewa aiki ya ƙare don ya yi kyau a babban allo. Sai an buɗe shi a ƙaramar waya da haruffa a matuƙar girmansu, an fita da shi rana, an rufe ido an saurare shi. Na san wasunku suna ganin ɓata lokaci ne, na ji ana gunaguni ranar da na mayar da aikin wani sau uku. Ba za a daina ba.

Ranar Lahadi Alhaji Mamman ya tsaya a gaban jama'a ya karanta sanarwar watan daga wayarsa, a hankali, ya yi tuntuɓe a wuri biyu ya wuce. Kwamiti ya amince da shafin a zaman. Ranar Litinin Bashir ya yanka mini mabuɗin ofis, alamar na zauna a aiki. Alhaji ya ci gaba da shugabanci har zuwa bara, da ya sauka don kansa. Muna gaisawa duk lokacin da na shiga kasuwa, kuma har yau maganar idonsa ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba.